Tambaya: Yaya ake zama mai binciken alaƙar homon da ƙwaƙwalwa da renon 'ya'ya?

Ɗalibar Fisiyoloji ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Na kammala digirin farko a fannin fisiyolojin ɗan'adam, kuma ina shirin neman gurbin digiri na biyu. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun ina aji uku, ita ce: me ke faruwa a ƙwaƙwalwar mace tsakanin ɗaukar ciki da haihuwa, har wadda a da ko ganga aka kaɗa a kanta ba ta farka daga barci, yanzu ɗan motsin jariri kawai ya isa ya tashe ta? An koya mana cewa oksitosin ke sa naƙuda da zubowar nono, furolaktin kuma ke sa jiki ya samar da nonon, daga nan sai aka rufe babin, kamar dai aikin waɗannan sinadarai masu kai saƙo a jiki, waɗanda ake kira homon, ya ƙare a mahaifa da mama.

Abin da nake so in sani kashi biyu ne. Na farko, shin akwai masanan da suka yi rayuwarsu ta aiki gaba ɗaya a kan wannan tambaya, kuma ta wace hanya suka bi? Na biyu kuwa ya shafe ni kai tsaye. Gwaggona ce ta riƙe ni tun ina wata bakwai, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ban san wata uwa da ta fi ta jin kukan yaro a jikinta ba. Idan homon na ciki da haihuwa ne ke mayar da mace uwa, ita a ina ta samo nata?

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta biyu ita ce ta haifi fannin da kike tambaya a kansa, don haka bari in fara da ita, amsar ta farkon za ta fito daga ciki.

Mutumin da ya kamata ki fara sani shi ne Jay Rosenblatt, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2014. Ya yi kusan duk aikinsa a Cibiyar Nazarin Halayyar Dabbobi ta Jami'ar Rutgers da ke Newark a Amurka. Daniel Lehrman ne ya kafa cibiyar, shi kuma a kan kurciya ya yi suna, domin ya nuna cewa ganin namiji yana rangaji da jin kukansa na sauya homon ɗin macen har ta shiga gina sheƙa da kwanci. Wato tun daga can an gane cewa hanyar ba ta tafiya gefe ɗaya: homon na sauya hali, abin da dabba ta gani ko ta ji kuma na sauya homon. Bayan rasuwar Lehrman a 1972 Rosenblatt ne ya gaje shi a shugabancin cibiyar.

A 1967 Rosenblatt ya wallafa wani gwaji a mujallar Science wanda kayan aikinsa ba su wuce keji da haƙuri ba. Macen ɓera da ba ta taɓa haihuwa ba gudun jinjiran ɓera take yi, wani lokaci ta binne su da ciyawar keji ko ta cije su. Sai ya riƙa ajiye mata sababbin jinjirai kullum, yana karɓe na jiya ya mayar wa uwarsu su sha nono. Cikin kimanin mako guda sai ga ta tana kwaso su da baki zuwa kusurwa, tana lasar su, tana kwanciya a kansu kamar mai shayarwa, alhali ba ta da ko ɗigon nono. Ya maimaita da waɗanda aka cire wa ƙwayayen haihuwa, da waɗanda aka cire wa ƙullin fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, har ma da maza, kuma duk suka kai ga yin reno. Ke nan na'urar reno tana nan a ƙwaƙwalwa tun asali, zama da jinjiri kuma na iya kunna ta.

To ina amfanin homon? Shekara guda bayan haka, shi da ɗalibinsa Joseph Terkel suka ɗebi ruwan jinin ɓerar da ta haihu ba da jimawa ba suka zuba wa wadda ba ta haihu ba, sai kwanakin jiran suka ragu zuwa kamar biyu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa faɗuwar homon ɗin furojestaron da hauhawar homon ɗin istirojin a ƙarshen ciki, tare da furolaktin da oksitosin, su ke sa uwa ta karɓi 'ya'yanta nan take ba tare da wannan mako na ɗari-ɗari ba. Jinjirin ɓera da aka haifa tsirara, makaho, ba zai iya jiran uwarsa mako guda ta saba da shi ba. Daga nan Rosenblatt ya raba al'amarin gida biyu: homon ke buɗe ƙofa a lokacin haihuwa, amma jinjirin da kansa, da warinsa da ɗuminsa da kukansa, shi ke riƙe ta a buɗe bayan homon ɗin ciki sun janye. Gwaggonki ta wannan hanya ta biyu ta shiga, ko da yake ina jan kunnenki kada ki ɗauki ɓera ki aza a kan mutum kai tsaye.

Yanzu dubi yadda aikin mutum ɗaya ke zama zuriya, domin a nan ne amsar tambayarki ta farko take. Michael Numan ya nuna a 1974 cewa idan aka lalata wani ɗan wuri da ake taƙaita sunansa da MPOA, a gaban sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas, uwar ɓera na daina kwaso 'ya'yanta da gina sheƙa, kuma a 1977 shi da Rosenblatt da Barry Komisaruk suka nuna cewa sanya ɗan istirojin a wannan wuri kaɗai na gaggauta reno. Numan ya shafe shekarun aikinsa a Kwalejin Boston yana bin hanyoyin da suka fita daga wannan wuri ɗaya. Alison Fleming kuma, ɗalibar Rosenblatt ce, ta gano tare da shi a 1974 cewa warin jinjirai ne ke korar macen da ba ta haihu ba, domin da aka toshe mata jin wari sai ta karɓe su da wuri. Ta koma Jami'ar Toronto a Kanada, ta ci gaba da ɓeraye, sannan ta ƙara da mata masu jego, inda ta samu cewa a kwanakin farko bayan haihuwa, waɗanda kotisol ɗinsu ya fi yawa sun fi son ƙamshin jikin jariransu. Wannan ya ba mutane mamaki, saboda an saba kiran kotisol sinadarin tashin hankali kawai.

Abin da na lura da shi a rayuwar waɗannan mutane shi ne ba su yi ta tsalle daga wannan batu zuwa wancan ba. Kowannensu ya kama tambaya ɗaya ya zauna da ita shekara talatin ko arba'in, kayan aiki na sauyawa, tambayar tana nan.

Likitan Dabbobi ya rubuta:

Malam, Allah ya ƙara sani. Ina da ƙari, kuma da ɗan saɓani kaɗan. Ɓera uwa ce marar zaɓi: duk jinjirin da aka ajiye mata za ta kwashe. Wanda ya tsaya a kan ɓera kaɗai ba zai taɓa fahimtar yadda uwa ke ware nata daga na wasu ba, alhali duk wanda ya taɓa kiwo ya san tunkiya na tunkuɗe ɗan da ba nata ba idan ya zo shan nono.

Masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRA da ke Nouzilly a Faransa, irin su Pascal Poindron da Frédéric Lévy, da kuma Barry Keverne da Keith Kendrick a yankin Cambridge na Ingila, su suka buɗe wannan babi da tumaki. Sun nuna cewa tunkiya na ƙyamar ruwan mahaifa a sauran lokuta, amma a daidai lokacin haihuwa sai ya zama abin da take nema ta lasa. Cikin 'yan sa'o'in farko take haddace warin ɗanta, bayan nan kuma ƙofa ta rufe. A 1983 suka wallafa cewa miƙewar bakin mahaifa da hanyar haihuwa ita kanta saƙo ce zuwa ƙwaƙwalwa, har ana iya sa tunkiyar da aka shirya da homon ta karɓi baƙon ɗa ta hanyar kwaikwayon wannan miƙewa. A 1987 Kendrick da abokan aikinsa suka nuna cewa zuba oksitosin cikin ƙwaƙwalwar tunkiya kai tsaye na tayar da halin reno. Kafin su, a 1979, Cort Pedersen da Arthur Prange na Jami'ar North Carolina sun ga irin wannan a ɓera. Makiyayan Turai sun daɗe suna feɗe ɗan tunkiyar da ya mutu su lulluɓa wa maraya fatarsa don uwar ta karɓe shi, ba tare da sun san sunan sinadari ko ɗaya ba.

Na kawo wannan ne domin 'yar'uwa ta san cewa ba dole sai ta ƙofar likitancin mutane ake shiga fannin ba. Tumaki da awaki ba su yi mana ƙaranci ba, ga kuma Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙin ɗa da tunkiya ko akuya mai haihuwar fari ke yi asara ce ta gaske ga mai kiwo, don haka binciken da ya shafe shi yana da mai jiran amsarsa.

Ungozoma ta rubuta:

Ni a ɗakin haihuwa nake aiki, kuma oksitosin a wurinmu ruwan naƙuda ne da allurar tsayar da jini bayan mabiyiya ta fita. Shi ya sa nake jin wani iri idan na ga ana kiransa sinadarin soyayya a intanet, kamar wanda za a ɗura wa mace ta wayi gari tana son ɗanta. A 2023 masu bincike a Kalifoniya sun wallafa a mujallar Neuron cewa wani irin ɓeran daji na Amurka, wanda aka sani da zaman mace ɗaya namiji ɗaya, da aka cire masa makarɓar oksitosin, wato wurin da sinadarin ke maƙalewa ya yi aiki, tun yana ƙwai, bai fasa manne wa abokin zamansa ba, matan kuma sun haihu sun yi reno, sai dai nononsu ya ragu. Wannan ya isa ya sa mutum ya sassauta murya.

Ƙanwata, idan ɓangaren mutane kike so, ga abin da ke akwai. A ƙarshen 2016 Elseline Hoekzema da abokan aikinta a Barcelona ta ƙasar Sifaniya sun wallafa hotunan ƙwaƙwalwar mata 25 na na'urar MRI da aka ɗauka kafin cikinsu na fari da kuma bayan sun haihu. Sun ga raguwar kauri a wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke aikin fahimtar tunani da halin wani, sauyin kuma yana nan bayan shekara biyu, ba a kuma ga irinsa a mazajensu ba. Ba su fassara shi da lalacewa ba, sun kwatanta shi da irin gyaran fuskar da ƙwaƙwalwa ke yi a lokacin balaga. Ki lura da wahalar aikin: sai da suka nemo matan da ke neman ciki, suka ɗauki hotonsu, suka zauna jiran wadda Allah zai ba, kafin a yi maganar sakamako.

Maza ma ba a bar su a baya ba. Lee Gettler da abokan aikinsa sun bi samari 624 a Cebu ta ƙasar Filifin na tsawon shekara huɗu da rabi, suka wallafa a 2011 cewa waɗanda suka yi aure suka haihu homon ɗinsu na maza, wato testostaron, na safe ya ragu da kashi 26 cikin ɗari, na yamma da kashi 34, kuma masu ɗaukar sa'a uku ko fiye a rana suna hidimar yaro nasu ya fi ƙasa. A Tanzaniya kuwa an kwatanta Hadza, waɗanda mazansu ke ɗaukar yara sosai, da makiyayan Datoga da ke barin wannan ga mata, sai aka ga raguwar a wurin iyaye maza na Hadza, ba a gan ta a Datoga ba. Wato al'ada na shiga har cikin jini.

Wannan ne ya sa nake ganin akwai aiki a gabanki. Mace a wurinmu na tafiya wankan jego gidan iyayenta, tana kwana arba'in tsakanin uwa da kaka da gwaggo, wata kuma na kunyar ɗan fari har ba ta kiran sunansa a gaban mutane, ga riƙo irin wanda aka yi miki. Reno a nan hannu da yawa ne, alhali yawancin gwaje-gwajen da aka tsara a Turai da Amurka uwa ɗaya da jariri ɗaya suke sawa a ɗaki a ɗauke su a bidiyo. Idan aka auna mai kunyar ɗan fari da wannan sikeli, za a rubuta cewa ba ta damu da ɗanta ba, mu kuwa mun san ba haka ba ne.

Sannan akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda mu muke gani da idonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin ɗari na masu jego na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Maganin farko da aka amince da shi musamman don wannan ciwo a Amurka a 2019, da ƙwayar zuranolone da ta biyo baya a 2023 wadda ake sha kwana 14, duk sun samo asali ne daga binciken wani sinadari da jiki ke samarwa daga furojestaron, wanda ke hauhawa a lokacin ciki ya faɗi warwas bayan haihuwa.

Ɗalibar Fisiyoloji ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da Likita, da Anti. Na karanta wa gwaggona labarin ɓerar da ta yi reno ba ta haihu ba, ta yi dariya ta ce ashe sai da Bature ya tara ɓeraye kafin ya yarda. Abin da ya rage mini shi ne hanyar kanta: me ya kamata in karanta a digiri na biyu, kuma me zan tarar idan na shiga?

Mai Neman Digirgir ya rubuta:

'Yar'uwa, ni ina shekara ta uku a digirin digirgir a fannin kimiyyar ƙwaƙwalwa a ƙasar waje, bayan na yi digiri na biyu a gida, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Sunan fannin a takardun jami'o'i yakan zo ƙarƙashin nazarin homon da halayya ko kimiyyar ƙwaƙwalwa, kuma masu shigarsa na fitowa daga fisiyoloji, da nazarin halittu, da ilimin halayyar ɗan'adam, da likitancin dabbobi, da likitancin mutane. Tsanin kusan ɗaya ne ko'ina: digiri na biyu, sai digirgir na shekara uku zuwa huɗu a Ingila ko biyar zuwa shida a Amurka, sai wasu shekaru kina aiki a ɗakin gwajin wani kafin ki samu naki. Catherine Dulac misali ce mai kyau. A Faransa ta yi digirgir a kan yadda ɗan tayi ke ginuwa, ta tafi Jami'ar Columbia ta yi aiki da Richard Axel a kan yadda ɓera ke shaƙar saƙon ɗan'uwansa, ta samu kujera a Harvard a 1996. Sai a 2014, bayan shekara 18, ɗakin gwajinta ya wallafa aikin da ya fi ɗaga sunanta a wannan batu. A cikin MPOA ɗin nan da Malam ya ambata suka ware ƙwayoyin jijiya masu ɗauke da wani sinadari mai suna galanin. Namijin ƙaramin ɓera da bai taɓa barbara ba kashe jinjirai yake yi, amma da suka kunna waɗannan ƙwayoyi da haske sai ya daina kai hari ya koma lasar su, da suka kashe ƙwayoyin kuma iyaye mata da maza duk renonsu ya lalace. Aikin ya kai ta ga kyautar kimiyya ta Breakthrough ta 2021, mai dala miliyan 3. Wurin da Numan ya lalata da waya mai wutar lantarki a 1974 shi ne ita ta shiga ta tsince ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya bayan shekara 40.

Ba kowa ke samun kyauta ba, kuma yawancin ranakun aikin ba su da armashi. Idan ɓeraye kike nazari, cikinsu kwana 21 zuwa 23 ne, kuma ba sa duba ko ranar Sallah ce kafin su haihu. Za ki zauna da agogo kina ƙirga sau nawa uwa ta lashi ɗanta. Kada ki raina wannan ƙirge, domin da shi Michael Meaney da ɗalibansa a Jami'ar McGill suka nuna cewa 'ya'yan da aka fi lasa na tasowa da ƙarancin firgici, kuma idan aka musanya jinjirai tsakanin iyaye, halin mai renon suke ɗauka, sannan a 2004 suka nuna alamar da renon ke bari a kan ƙwayar gadon da ke sarrafa homon na tashin hankali. Idan kuma mutane kike nazari, za ki sha jiran izinin kwamitin ɗa'a, da neman yardar maijego da mijinta da surukarta, da bin gida-gida kina karɓar yawu a kwalba. Ni kaina na taɓa rasa samfurin wata huɗu a lokacin digirina na biyu, saboda wuta ta ɗauke kwana uku kuma janareton da ke riƙe firiza ya tsaya. Tun daga ranar nake raba kowane samfur gida biyu in ajiye a wurare daban-daban.

Shawarata ita ce ki zaɓi digiri na biyu saboda malamin da zai duba aikinki da kayan aikin da ke hannunsa, sunan kwas ɗin ya biyo baya. Ki koyi ƙididdiga sosai, ki iya manhajar R ko Python, ki kuma iya auna homon a yawu ko jini da hanyar gwajin da ake kira ELISA, domin wannan ana iya yin sa a gida ba tare da MRI ba. Ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya da ake kira IBRO na shirya makarantun horo na ɗan gajeren lokaci a Afirka tare da ɗaukar nauyin ɗalibai, akwai Ƙungiyar Masana Ƙwaƙwalwa ta Afirka da ake kira SONA, akwai ƙungiyar TReND in Africa mai tallafa wa binciken kimiyya, ga kuma cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda ke horas da matasa a kan na'urorin bincike na zamani. Kafin ki rubuta wa kowane farfesa wasiƙa, ki karanta takardunsa uku na baya-bayan nan, ki faɗa masa tambayar da kike ganin bai amsa ba.

Tsohon Malami ya ƙara da cewa:

Madalla da wannan bayani. Abu ɗaya zan ƙara, 'yata. Idan kin zo rubuta ƙudurin bincikenki, kada ki rubuta cewa za ki nazarci homon da reno, domin wannan ya fi ƙarfin digiri goma. Ki rage shi zuwa abin da za ki iya gamawa cikin wata 18, misali kwatanta kotisol na yawu da alamun damuwa tsakanin masu haihuwar fari da suka tafi wankan gida da waɗanda suka zauna a ɗakinsu. Ma'aunin Edinburgh na damuwar bayan haihuwa, wanda aka fitar a 1987, tambaya 10 ne kacal. Sai dai ki tabbata fassarar Hausar da za ki yi amfani da ita an gwada ingancinta, kuma ki sa lokacin karɓar yawu ya zama ɗaya ga kowa, domin kotisol na hawa da sassafe ya sauka da yamma. Idan kin rubuta shafi biyu na farko, ki kawo nan mu duba.